Lissafin Wuta: Yadda Ake Gano Om da Wat Daga Bolt da Amfiya

Wata Asabar da hantsi aka aiko yaro ya kira ni zuwa wani gidan haya a Aboabo, nan Kumasi. Gida ne irin namu na zango, ɗakuna goma sha biyu kewaye da tsakar gida, mita ɗaya tal. Na tarar da wata dattijuwa mai sayar da lamurji da sobolo tsaye a ƙofar ɗakinta, riƙe da doguwar wayar nan mai soket huɗu da muke kira ekistenshan. Robar ta narke ta lanƙwashe, ɗakin sai ƙauri yake yi.

"Masta, duba min wannan. Ko wata bai yi ba da na saye shi. Jabu aka sayar min ko?"

"Mma, me da me kika jona a kai?"

"Ba komai fa. Butar shayi ce, sai ayan na jikata da take guga, sai firizar da ke nan dama."

Na juya butar, an rubuta 2000W. A jikin ayan 1000W. Kafin ta kawo min ruwan sha na riga na san abin da ya faru, kuma ba duba na yi ba. Lissafi ne da ɗan firamare zai iya, in an nuna masa hanya. Masu ƙera kayan wuta suna rubuta bolt da wat ɓaro-ɓaro a jikin kaya, amma lambar da ke narka waya ta kona ɗaki, wato amfiya, sau da yawa ba ta nan. Kai ne za ka fitar da ita da kanka. Abin da nake koya wa yaran shagona ke nan tun kafin in ba su sukudireba, shi ne kuma zan shimfiɗa a nan.

Abubuwa huɗu da sunayensu

Ka tuna tankin ruwa da ke kan rufi, da bututun da ya sauko, da galan ɗin Kufuor da ka tara a bakin famfo. Tsayin tankin shi ke ba ruwan matsi. A wuta, wannan matsin ana auna shi da bolt, harafinsa V. Yawan ruwan da ke gudu a bututun shi ne kwarara, ana auna ta da amfiya, a lissafi harafinta I, a jikin kaya kuma A. Ƙuncin bututun, wanda ke hana ruwa wucewa yadda ya ga dama, shi ne turjiya, ma'auninta om, harafinta R, alamarta Ω. Na huɗu shi ne ƙarfin aikin da wutar ke yi a kowace daƙiƙa, ko zafi ne, ko haske, ko juya fanka. Shi ake aunawa da wat, harafinsa P a lissafi, W a jikin kaya.

Duk sunayen mutane ne. Georg Simon Ohm malamin makaranta ne Bajamushe, a 1827 ya wallafa dangantakar da ke tsakanin matsi da kwarara da turjiya. Ampère Bafaranshe ne, Watt ɗan Sikotland, Volta ɗan Italiya wanda ya haɗa batir na farko a 1800. Wani yarona ya taɓa rantsewa cewa daga kogin Volta aka samo bolt, tunda daga dam ɗin Akosombo da ke kan kogin wuta ke zuwa. Ba haka ba ne. Sunan kogin daga Turawan Fotugal ya fito, kalmarsu ce ta juyawa ko kwana. Dacewa ce kawai, amma ban hana shi riƙe ta don tuni ba.

Mataki na farko: tara lambobi biyu

Cikin huɗun nan, in ka san biyu, sauran biyun suna hannunka. Ɗaya kusan kyauta ce: wutar gida a Ghana bolt 230 ce, mai kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa. Batirin ƙaramar mota bolt 12, manyan motocin kaya galibi 24, kan cajar USB na yau da kullum 5. Ta biyu kuwa ko ka karanta ta a tambarin da ke bayan kayan, ko ka auna.

In aunawa za ka yi, akwai ƙa'ida uku, kuma na ga mitocin awo na hannu da yawa sun tafi lahira saboda an karya su. Bolt ana auna shi wuta na kunne, ka ɗora tsinken mita biyu a ɓangarorin abin da kake aunawa, bayan ka murɗa ta zuwa V mai alamar igiyar ruwa in wutar gida ce, ko V mai miƙaƙƙen layi in batir ne. Om ana auna shi wuta na kashe, filogi a zare, ba kashe makunni kawai ba. Amfiya kuma dole wutar ta ratsa ta cikin mitar, wato sai an yanke layi an saka ta a tsakani. Kada ka kuskura ka murɗa mita zuwa A ka cusa tsinkenta a ramukan soket. A wannan yanayin mitar kamar guntuwar waya take, ka haɗa mai wuta da maras wuta kai tsaye ke nan, tartsatsin kuma a fuskarka zai tashi.

Don wutar gida, ni ban yarda yaro ya yanke layi ba. Mita mai baki kamar ƙaguwa muke amfani da ita, a buɗe bakin a rungumo waya ɗaya. Ɗaya na ce. In ka rungumo mai kai wuta da mai dawo da ita tare, sifili za ka gani, domin suna soke juna. Mai kai wutar ita ce ruwan ƙasa, ko ja a tsofaffin gidaje. Mai dawowa shuɗiya ce, ko baƙa. Mai kore da rawaya ta ƙasa ce.

Mataki na biyu: daidaita ma'auni

Wannan gajere ne, amma nan ne rabin kurakurai suke. Lissafin yana aiki ne da bolt, amfiya, om da wat zalla. In ka ga mA, raba da 1,000: 20mA daidai yake da amfiya 0.02. In ka ga k a gaba, ninka sau 1,000: 1.5kW wat 1,500 ne, 4.7kΩ om 4,700 ne.

Mataki na uku: fitar da turjiya

R = V ÷ I

Ka jona ayan, ka auna soket ka ga 230, mita mai baki ta nuna amfiya 4.35. Raba 230 da 4.35, za ka sami kusan om 53. Turjiyar ƙarfen da ke zafi a cikin ayan ɗin ke nan.

Wannan doka ɗaya ce mai fuska uku. In kwarara kake nema, I = V ÷ R. In matsi kake nema, V = I × R. Abin da ya kamata ya zauna maka a kai ba haruffan ba ne, halin wutar ne: matsi na nan yadda yake, in turjiya ta ragu kwarara ta ƙaru. Shi ya sa in wayoyi biyu tsirara suka haɗu, turjiya ta koma kusan babu, kwarara ta yi tashin gwauron zabi, fis ya tsinke. Shi ya sa kuma jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe haɗari. Jikin mutum in ya jiƙe turjiyarsa na iya sauka zuwa wajen om 1,000. Raba 230 da 1,000, ka sami amfiya 0.23, wato 230mA. Birekar da ake sakawa don ceton rai tana yanke wuta ne a 30mA. Ka ga tazarar.

Mataki na huɗu: fitar da wat

P = V × I

Ayan ɗin nan dai: 230 sau 4.35, wat 1,000 da 'yan kai. Ya yi daidai da tambarinsa.

Amma a aikin yau da kullum juya shi muka fi yi, tunda wat ne a rubuce, amfiya muke nema: I = P ÷ V. Butar Mma mai wat 2,000, raba da 230, amfiya 8.7. Ayan 4.35. Firizar na auna ta, tana jan kusan amfiya 1. A haɗa, amfiya 14. Ana haɗa su ne domin kayan gida kafaɗa da kafaɗa suke a kan layi, kowanne na samun cikakken bolt 230, kowanne na jan rabonsa, duk kuma ta waya ɗaya rabon ke biyowa. Filogin nan mai ƙafa uku irin na Ingila da muke amfani da shi, iyakarsa amfiya 13. 13 sau 230, wat 2,990. Wannan ita ce iyakar ekistenshan mai kyau gaba ɗayansa, ba iyakar kowane rami ba. Ramuka huɗu ba su sa ya zama soket huɗu ba.

Wani zai ce to me ya hana fis tsinkewa? Fis mai lamba 13 ba ya tsinkewa don an kai 14. Yana iya ɗaukar abin da ya haura lambarsa na dogon lokaci kafin ya narke. Ga shi kuma da na buɗe filogin Mma, babu fis ɗin ma, wani ya riga ya naɗa zaren waya a gurbinsa.

Riƙe wannan a ka: a wutarmu, kowane wat 1,000 amfiya 4.35 ne. In kana sauri ka ce huɗu da rabi, ba ka yi asara ba.

Akwai wasu fuskoki biyu da ke fitowa in ka gauraya dokokin nan. In ba ka san bolt ba, P = I × I × R. In ba ka san amfiya ba, P = V × V ÷ R. Kada ka raina su, su ne suka fi bayyana abubuwan da ke ba mutane mamaki.

Lambar da nake sa yara su haddace: 52,900

230 sau 230 ke nan. Raba ta da wat ɗin da ke jikin duk wani abu mai zafi, ka sami om ɗin da ya kamata mita ta nuna. Ayan mai wat 1,200, om 44. Buta mai 2,000, om 26 da rabi. Hitar bokiti mai 1,500, om 35.

Amfaninta a shago: an kawo maka ayan ba ya zafi. Zare filogi, murɗa mita zuwa Ω, fara haɗa tsinkenta biyu da juna ka ga abin da wayoyinta ke ci, galibi ƙasa da rabin om, don ka cire shi daga baya. Murɗa makunnin zafin ayan ɗin zuwa ƙarshe, ɗora tsinke a ƙafafun filogi biyu na ƙasa. In ka ga lamba kusa da 44, hanyar lafiya take tun daga filogi har ƙarfen zafi, sai ka koma ka binciki soket. In mita ta nuna OL ko 1 shi kaɗai a gefe, hanya ta yanke a wani wuri: fis, igiyar waya inda take lanƙwasa a gindin ayan, makunnin zafi, ko ƙarfen kansa. Bi su ɗaya bayan ɗaya, ka fara da mai araha. In ka ga kusan sifili, wayoyi sun haɗe, kada ka jona. Daga ƙarshe ka auna tsakanin ƙafar mai wuta da ƙarfen jikin ayan. Nan OL ake so. Duk wata lamba da ta fito, wuta na zuba a jiki, mai guga na cikin haɗari.

Kayan Amurka, da wutar magariba

Gidaje da yawa a zango suna da ɗan uwa a Bronx ta birnin New York, kuma ganga na zuwa da kaya. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce. Ɗauki ayan nasu mai wat 1,200. 120 sau 120, 14,400, raba da 1,200, om 12. Turjiyar nan ba ta san ta ƙetare teku ba, 12 take a can, 12 take a Asawase. Jona shi a wutarmu: 52,900 raba da 12, wat 4,400 da ɗoriya, amfiya 19. Bolt bai kai ninki biyu ba, amma zafin ya kusan ninki huɗu, domin bolt sau kansa ake yi. Minti nawa kake jin zai yi? In dole sai an yi amfani da shi, sai da taransifomar rage wuta wadda lambarta ta haura wat 1,200 sosai, kuma kuɗinta kan fi na sabon ayan. Caja da kwamfutar hannu da aka rubuta musu 100-240V ba ruwansu da wannan, jona abinka.

Haka abin yake in an juya. Bayan magariba, lokacin da kowa a unguwa ya kunna kayansa, matsi kan faɗi a gidajen da ke nesa da taransifoma. A ce ka auna ka ga 180. Butar nan mai om 26.5: 180 sau 180, 32,400, raba da 26.5, wat 1,220. Bolt ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar da 'yan kai, zafi ya ragu da kusan kashi biyu cikin biyar. Butar ba ta lalace ba, ruwan shayi ne zai daɗe.

Waya ma tana da turjiya

Nan ne nake so mai karatu ya zauna da kyau, domin nan gobara take kwana.

Mun saba ɗaukar waya kamar hanya ce kawai. Ba haka ba ne, ita ma tana turjewa, kaɗan dai. Wayar jan ƙarfe mai kauri 1.5, wato milimita murabba'i ɗaya da rabi, tana da kusan om 0.012 a kowace mita ta tsawo. Mai 2.5 kusan 0.0074. Siririya mai 0.5, irin da ake samu a cikin ekistenshan mai araha, wajen 0.036 ko sama. Tsawo ya ƙaru, turjiya ta ƙaru. Kauri ya ƙaru, ta ragu.

Misali. Mai kanti ya jawo wuta daga gida zuwa kwantenarsa a bakin titi, tazarar mita 30. Wuta na zuwa tana komawa, saboda haka tsawon waya mita 60 ne. Yana jan amfiya 10. Da waya mai 2.5: 60 sau 0.0074, om 0.44. Bolt da ya zube a hanya, 10 sau 0.44, bai kai 5 ba. Zafin da ke tashi a wayar, 10 sau 10 sau 0.44, wat 44, a warwatse a tsawon mita 30. Ba damuwa. Da siririyar nan mai 0.5 kuwa: om 2.2, bolt 22 sun zube, zafi wat 220. Wato ya shimfiɗa hita doguwa a bayan katakon kanti, kuma mitarsa tana lissafa masa kuɗin wannan zafin. In ya bar wayar a naɗe a kan abin naɗinta, zafin ya taru wuri ɗaya ba iska, roba ta fara laushi.

Lura da cewa amfiya sau kanta ake yi. Ka ninka kaya sau biyu, zafin waya ya ninku sau huɗu. Ekistenshan ɗin da ya shekara yana ɗauke da talabijin da caja lafiya lau, rana ɗaya aka jona masa buta ya narke, bai canja hali ba. Talabijin da caja ba su kai rabin amfiya ba. A amfiya 14, zafin ya ninka na da sau ɗaruruwa.

Mafi sharri shi ne mahaɗi mai sako-sako: sukurun da bai ɗauru ba, wayoyin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif, ramin soket da ya buɗe filogi na rawa a ciki. A ce mahaɗin ya sami turjiyar rabin om kacal. A amfiya 10, 10 sau 10 sau 0.5, wat 50, a wurin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ƙarfen da muke narka dalma da shi a shago bai fi hakan ba. Bireka kuma ba za ta faɗi ba, domin a wajenta amfiya 10 ba laifi ba ne. In ka ga soket ya yi baƙi a gefen rami ɗaya, ko filogi na zafi in ka taɓa, labarin ke nan.

Wannan lissafin ne ya sa manyan layukan GRIDCo, kamfanin dakon wuta na Ghana, ke ɗauko wuta a bolt 161,000 da 330,000. Wat miliyan ɗaya a bolt 230 na bukatar amfiya sama da 4,300. A bolt 161,000, lissafi na sama-sama, wajen amfiya 6. Da a 230 ake turo ta daga Akosombo, da a hanya za ta ƙare tana ɗumama tsuntsaye. Dam ɗin, wanda aka kammala a 1965, ƙarfinsa megawat 1,020 ne yanzu, kowane megawat kuma wat miliyan ɗaya ne. Raba da wat 2,000: butoci 510,000 irin ta Mma, in aka kunna su lokaci guda, sun shanye shi.

Abin da ya shafi wayoyin cikin bango kuwa, ba na gwaji ba ne. Tun dokar 2011 ta haɗa wayoyin wuta, sai wanda Hukumar Makamashi ta ba shaida ke da izinin yi wa gini waya. Lissafin nan zai sa ka gane ko ana yi maka aikin kirki, ba zai mai da kai mai lasisi ba.

Inda lissafin ke zamewa

Duk abin da na faɗa yana tafiya daidai a kan kayan zafi: ayan, buta, hita, risho na lantarki. Akwai wuri biyu da zai yaudare ka.

Na farko, ƙwan fitila mai zare, irin na fitilar mota. Zaren in ya yi zafi turjiyarsa na ninkuwa wajen sau goma ko fiye. In ka auna shi a sanyi ka ga lamba ƙarama, kada ka ce ya lalace.

Na biyu, duk abin da ke da moto: fanka, firji, firiza, famfon rijiyar burtsatse, injin niƙa. A nan bolt sau amfiya ba ya ba ka wat na gaskiya, yana ba ka abin da ake rubutawa VA. Ka auna fankar sama ka ga amfiya 0.4, sau 230, 92. Tambari ya ce wat 70. Ba wanda ya yi ƙarya. A wuta mai kai-da-komo, naɗin wayar moto na sa kwarara ta riƙa jinkiri a bayan matsi, wani kaso yana zuwa ya koma bai yi aiki ba. Wat ake biya a mitar gida, amma waya da fis da janareta VA suke ɗauka. Shi ya sa ake rubuta kVA a jikin janareta da sitabilaiza. Yadda muke yi a aikace, mu ninka kVA sau 0.8: janareta mai 2.5kVA, ka ɗauke shi a wat 2,000. Waɗanda suka sayi janareta a shekarun dumsor, wato na yawan ɗauke wuta, wajen 2014 da 2015, da yawa sun koyi wannan da kuɗinsu. Ga kuma tashi: moto na jan ninkin amfiyarsa sau da yawa a daƙiƙar da zai tashi, shi ya sa fitila ke ƙiftawa in firiza ta kama.

Kuma moto ba ya yin irin haƙurin buta in wuta ta yi ƙasa. Buta rage zafi take yi. Kwamfuresar firiza kuwa nauyin da ke kanta bai ragu ba, sai ta ƙara jan amfiya, ko ta kasa tashi ta tsaya tana gurnani, naɗinta na dahuwa. In ka ga fitila ta yi ja, fanka na jan ƙafa, firiza za ka fara kashewa.

Bolt 12: darasin Suame Magazine

Masu wayar mota a Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, sun san wani abu da masu wayar gida kan manta: ƙaramin bolt, babbar amfiya. Ƙwan fitilar gaba mai wat 55 a bolt 12 yana jan amfiya 4.6, fiye da ayan ɗin jikar Mma. Guda biyu, 9.2, saboda haka fis mai 10 ya yi musu kaɗan in layi ɗaya suke, 15 ya fi dacewa in wayar za ta ɗauka.

Haka inbata. Kana son ta ba ka wat 600 daga batir mai bolt 12: 600 raba da 12, amfiya 50, ban da abin da ita kanta take ci. Shi ya sa wayar batir take da kaurin yatsa kuma gajeriya. Batir mai 100Ah, wato amfiya 100 na awa ɗaya, sau 12, yana riƙe da wat 1,200 na awa ɗaya a takarda. In irin mai ruwan asid ne kuma kana son ya yi ƙarko, rabi za ka ci. Wat 600 ɗin nan awa ɗaya ke nan, ba dare guda ba kamar yadda mai sayarwa zai ce.

Ga ƙaramin aiki da ke haɗa matakan duka. Direban tirotiro, ƙaramar bas ta haya, na son jan ƙwan LED ƙarami a gaban mota. Ƙwan na bukatar wajen bolt 2 da 20mA. In inji na aiki, layin mota na kaiwa 14.4, da shi za ka yi lissafi, ba da 12 ba. Cire 2, saura 12.4 da rezista, 'yar ƙwayar nan mai turjiya, za ta shanye. Raba da 0.02, om 620. Ɗauki ta sama da ita da ake samu a kasuwa, 680, mai zoben shuɗi, toka, ruwan ƙasa. Kwarara ta koma 12.4 raba da 680, amfiya 0.018. Zafin da za ta sha, 12.4 sau 0.018, wat 0.22. Mai kwatan wat tana bakin iyakarta, sa mai rabin wat ka huta.

Daga wat zuwa sidi

Abin da ECG, kamfanin raba wuta, ke sayarwa yunit ne, kuma yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na awa ɗaya. Ninka wat sau awannin aiki, raba da 1,000. Farashin yunit hukumar PURC mai kula da kuɗin wuta da ruwa ce ke tsayar da shi, yana canjawa, kuma yana hawa in gida ya sha da yawa, saboda haka ka duba rasidinka na ƙarshe ka ninka da shi.

Kafin in bar gidan nan na Aboabo, maigidan ya riƙe ni, wai tunda na zo in raba musu gardamar kuɗin mita da suke yi kowane wata. Su da foyin, wato maki, suke rabo, ƙwan fitila foyin ɗaya, fanka ɗaya, talabijin ɗaya, haka dai. Na karɓi biro na rubuta a bayan kwali, na wata guda mai kwana 30. Ƙwan LED mai wat 9, awa 10 kullum, yunit 2.7. Cajar waya mai wat 10, awa 2, yunit 0.6. Talabijin mai wat 60, awa 5, yunit 9. Fanka mai wat 70, awa 10, yunit 21. Buta mai wat 2,000, minti 15 kullum, yunit 15. Firiza mai wat 150, in kwamfuresarta na aiki rabin yini tana hutawa rabi, yunit 54. Sai na tambaya ko akwai mai girki da rishon lantarki. Tsakar gida ta yi tsit, idanu suka koma ɗakin ƙarshe. Wat 1,500, awa 2 kullum, yunit 90.

"Baba, ka ga wannan ɗaya ya fi ƙwan fitila talatin," na ce wa maigidan.

Ya karɓi kwalin ya ninke ya sa a aljihun riga, ya ce bayan sallar isha'i kowa ya fito. Ni kuwa na ja wa firizar Mma soket nata ita kaɗai da waya mai 2.5, na sa fis na gaskiya a sabon filogi, na ce buta da ayan su riƙa yin layi, in ɗaya na aiki ɗaya ya jira. Ta cika min gora da lamurji mai sanyi, ta ce kuɗin aiki sai ranar Litinin in an yi ciniki.